Tsakuwa a Baki

Ranar da suka ɗauko man zaitun zuwa ƙetare, mashigin teku ya cinye matar Harmon. Da hantsi ne, sama fes.

Harmon ne mai riƙe akalar jirgin. Matarsa ta biyo su don 'yarsu ta kusa haihuwa a waccan gaɓar. Ta zauna kan tuluna kusa da ƙafarsa, da ƙunshin ɓaure a cinya.

Da duwatsun suka bayyana, Battos, dattijon matuƙa, ya zaga da kasko, kowa ya ɗauki tsakuwa. A dama ruwa ke juyi yana haɗiye jirage. A hagu akwai abin da ke cikin kogon dutse, wanda ba ya gani, sai dai ji. Shi ya sa ake ratsa wurin da tsakuwa a baki. Harmon bai taɓa ganin abin ba. Ya dai ga jirgin da wani ya yi tari a cikinsa, ya fito rabin filafilansa babu masu riƙo.

"Uwargida, zaɓi babba," in ji Battos. "Ƙarama ba za ta iya da ke ba."

"Ba ni taka mana, tsoho. Kai da ba ka da haƙoran tare ta."

Matuƙa suka kwashe da dariya. Ta dubi mijinta. "Ga ranar da ka daɗe kana roƙon alloli. Yau zan yi shiru."

"Sa dai a baki," ya ce, idonsa a kan ruwa.

Igiyar ruwan da ta ɗauke ta ba ma babba ba ce. Jirgi ya karkata, tulu ya zame, shi ke nan. Ya ga fuskarta a cikin kumfa, tana kallonsa, bakinta a rufe gam. Ba ta yi ihu ba.

Duk wanda teku ta ci, sai an kira sunansa sau uku a kan ruwan da ya faɗa, sannan kurwarsa ke bin muryar zuwa gida. In ba a kira ba, a nan za ta zauna. Harmon ya tura tsakuwar da harshe har bayan haƙora. A gabansa bayan matuƙa na sunkuyawa yana miƙewa, kusan duk ya san iyayensu. Ya miƙe akala.

Da suka fita ya tofar, ya buɗe baki. Battos ya riƙe masa hannu.

"Kada ka ɓata sunan a nan, ɗan'uwa. Ba za ta ji ba."

"To mu koma."

"In mun koma, shirun ne dai."

Harmon ya je wurin mai hidimar allan teku. Mutumin ya ce a can ake kira. Harmon ya ce a can ba a magana. Mutumin ya ce haka ne, ya karɓi ragon hadaya.

Aka gina mata kabari babu kowa ciki. Jika ta zo, ta yi wayo, ta yi aure. Harmon ya ci gaba da ratsawa da jirage ta kan matarsa, da tsakuwa a baki. A gida ma ba ya faɗin sunan. Yana adana shi.

Da ƙarfi ya fara barinsa, ya ɗauki ƙaramin kwalekwale shi kaɗai, tunda ran mutum ɗaya nasa ne. Ya gane wurin. Ya tofa tsakuwar a tafin hannu, ya cika ƙirji da iska.

Sai ya ji bugun filafilai a bayansa. Jirgin sha'ir ne, cike da mutane. Sun hango tsoho Harmon, sun bi layinsa, kamar yadda kowa ke yi. Na kan akala ya ɗaga masa hannu don godiya, kumatunsa a kumbure.

Harmon ya mayar da tsakuwar. Ya fitar da su lafiya. Hannuwansa ba su ƙara iya ɗaga filafili ba.

Sunanta Filinna.