Yadda Bana Chibwe Ta Kai Surukinta Kallon Dabbobi

Tun da Katongo ya auri 'yarta Mwelwa, Bana Chibwe ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Haka surukai ke yi a garinsu Chiundaponde, kuma su biyun ba wanda abin ya dama.

Da Katongo da matarsa suka zo hutu daga Lusaka, ya ce yana son ganin dabbobin fadamar Bangweulu. Mijin Bana Chibwe na fama da ƙafa, Mwelwa kuma ciki ya tsufa. Bana Chibwe dama za ta duba gurar da ta ɗana wa kifi, sai ta gaya wa 'yarta cewa mai son binta ya bi ta, amma daga nesa.

Suka fita da hantsi, tana gaba da gorarta, yana baya da sabon takalmi. In ta ga abin gani sai ta tsaya ta faɗa wa iska.

"Ga baƙaƙen mariya, dangin barewa, can suna kiwo cikin ruwa."

"Lalle an gan su," in ji Katongo, yana gaya wa ciyawa.

Haka suka ga gauraka, suka ga guza kwance kan suri, suka ji gurnanin dorina. Can suka tarar da wani ƙaton tsuntsu mai baki kamar takalmi, tsaye cikin ciyawar geranya ko motsi ba ya yi. Katongo ya sauka daga turba don ya ɗauki hoto. Bana Chibwe ta ji wani luɓus a bayanta. Ta saci kallo ta gefen ido, ta ga mijin 'yarta ya nutse a laka har ƙugu, yana ta wutsil-wutsil cikin ladabi.

Ta san wurin ya taɓa haɗiye saniya. Ta juya ta fuskanci tsuntsun.

"Malam tsuntsu, da wanda ya maƙale zai daina shure-shure ya kwanta rigingine, da ya kyauta."

"Malam tsuntsu," in ji Katongo, "a gaya wa Mama an kwanta. Ana tambaya ko akwai kada a nan."

"Akwai. Amma a ce masa ba ya zuwa sai ya ji surutu."

Tsuntsun ya dube ta, ya dube shi, bai isar da saƙon kowa ba.

Ta miƙa gorar ta bayanta, ya kama, ta turje ta yi ta ja har ya fito. Lakar ta riƙe takalmin, ta haɗa da wandon. Bana Chibwe ta cire zanen da ta yafa, ta jefa masa ta kan kafaɗarta, ta ci gaba da tafiya. Sai da ta kwashe kifinta tukun suka juyo gida, shi ne ma ya ɗauko kwandon kifin.

Mwelwa ta ga mijinta ɗaure da zanen uwarta, laka har wuya.

"Maigida! Me ya faru?"

"Mun ga dabbobi," in ji shi.

Ta dubi uwarta. Bana Chibwe ta zauna tana fere rogo.

"Mijinki yana da nauyi. Ki rage masa tuwo."