Tanki na Biyu a Motar Baba Ado

"Ɗaga gefenka, Faruku, bar jan shi ƙasa," in ji Salman mai walda.

Na ɗaga. Tankin ya fi yadda na zata nauyi, ko da yake babu komai cikinsa. Daga jikin wata matacciyar babbar mota Salman ya kwanto shi, ya wanke shi da omo da ruwan zafi, ya shanya shi a rana har ya bushe. Muka ɗora shi a bayan motar, muka tura shi sai da ya kusa taɓa gilashin baya. Baba Ado yana zaune bisa tabarma a inuwar dogon yaron ƙofar gidansa, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa yana kallonmu.

"Ku maishe shi tsakiya," ya ce. "In ya karkata, mota za ta ji shi cikin rairayi."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Dogon Dutsi. Iyayensa makiyaya ne, kuma cikin 'ya'yan gidansu shi kaɗai aka kama aka kai lakwal, makarantar boko. Ya yi rayuwarsa yana yi wa shanun mutane allura a ma'aikatar kiwo, har ya aje aiki. Motar, tsohuwar a-kori-kura mai shan gazuwal, wato dizal, ya saye ta ne lokacin da wani proje na ƙungiyar agaji ya tashi ya sayar da kayansa. Ni ma direban proje ne a da. Namu ya rufe, na koma sayar da caja da murfin waya a bakin kasuwa.

Tun bara zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita ya hana shi gishiri, ya hana shi tuƙi. Ɗiyarsa Husna, wadda ke aiki a Yamai, kullum sai ta kira ta ce ya zo a duba shi da kyau. Kullum sai ya ce mata to, bayan damina.

Salman ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa ƙarƙashin tankin don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya huda ƙasan bayan motar, ya zura ƙusoshi masu noti, ni kuma na kwanta a ƙasa ina riƙe da faffaɗan ƙarfen da zai tare su. Daga gindin tankin ya fito da tiyo, ya sa masa robine, wato kan famfo, da ƙaramar matatar mai, ya kai shi ya haɗa da wuyan tankin motar na asali.

Muna cikin haka Inna Zalihatu, matar Baba Ado, ta fito da ruwa a kwano. Ta aje, ta tsaya tana kallon aikin.

"Mutum bai iya kai kainai masallaci," ta ce, "amma shina ma mota ciki na biyu."

"Zalihatu, shiga gida, rana ta yi."

"Ba ni shiga. Faruku, kai ma da hankalinka aka wanga aiki da kai?"

Na fito daga ƙarƙashin motar ina kakkaɓe bayana. 

Baba Ado ya sha ruwan kaɗan, ya jira numfashinsa ya dawo. Ya ce yayarsa Ajuma da shanun gidansu sun yi arewa tun da aka yi shuka, sun wuce Dogon Kiriya da nisa, can inda babu gonaki. Babu gidan mai a wajen. Na kwalba da ake sayarwa a ƙauyuka rabinsa ruwa ne. In kuma ka jera jarkoki a baya, kowane shinge sai an tsayar da kai an ce fasa-ƙwauri kake yi.

"Adda ta tsuhwa," ya ce. "Ba ta iya zama bisa amalanke ta zo nan. Ni ya kamata in tahi."

"Hanyar ma ba lahiya," in ji Inna.

"Da rana za mu yi ta. Faruku ka tuƙi."

Lokacin ne na ji cewa ni zan tuƙa. Bai tambaye ni ba. Ya dube ni kawai, na ce to.

Kafin Salman ya tafi ya kama hannuna ya ɗora bisa robinen. "In na ƙasa shina cike, kak ka buɗe, zuba za shi yi. Sai allurar mai ta hwaɗi. Ka tsaya, ka kashe mota, ka buɗe, ka jira, ka ruhe."

Sai da muka yi jeka-ka-dawo a gidajen mai kafin tankunan biyu suka cika. Ranar tafiya Inna ta sa mana dambu a kwanon sha, ta ƙulle magungunansa a leda ta miƙo mini, ba shi ba. Ta ɗora masa matashi a bayansa, ta ja bel ta ɗaure shi da kanta.  Ni ta ce wa, "Ka maido min shi."

Muka fita da hantsi. Gero ya kai gwiwa a gonakin Matankari, mutane suna noma. Baba Ado ya san kowace rijiya da kowane wurin da ya taɓa tara shanu ya yi musu allura, yana nuna mini da leɓe. Bayan Dogon Kiriya jar hanya ta ƙare, muka shiga rairayi. Motar tana kuka tana tafiya. Tankin bai motsa ba, sai ƙarar gazuwal da ke bugun cikinsa a bayan kawunanmu.

Da muka isa tabkin da aka ce suna zaune, ba mu tarar da kowa ba. Sai busasshiyar kashin shanu da duwatsun murhu. Wani mai raƙumi ya ce sun tashi, sun ƙara gaba, ciyawar nan ta ƙare.

Na dubi Baba Ado. Leɓunansa sun yi fari.

"Baba, mu koma?"

"Don mi munka sa tanki? Tahi."

Da la'asar sakaliya muka hango su, jajayen shanu masu dogayen ƙaho warwatse cikin kore, da bukkokin tabarma a gefe. Yara suka ruga suna kira. Wata tsohuwa ƙanƙanuwa ta fito tana dogara sanda, ta zo har jikin motar, ta sa hannu ta taga ta shafa fuskarsa, daga goshi har gemu. Idanunta sun yi hazo. Suka yi ta gaisuwa da Fulatanci, ina jin jam, jam, ban san sauran ba. Ta ce wani abu, ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ta ce na yi ƙiba kamar ɗan kasuwa," ya gaya mini. "Ba ta san ruwa ne ba."

Ni da Usman, ɗan Ajuma, muka sauko da shi muka kai shi tabarma. Muka kwana a can.

Da safe aka yi tatsa. Baba Ado ya ce a zaunar da shi kusa. Usman yana kiran shanun da sunayensu, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kama kunnen wata ƙaramar karsana, ya buɗe bakinta, ya ja fatar idonta ya duba, ya ce da Usman a ba ta maganin tsutsa kafin ta rame. Ajuma ta kawo masa madara da ɗuminta a ƙaramar ƙwarya. Ya kurɓa sau kaɗan ya miƙo mini saura. Shi da ita suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da rana ta fara ɗagawa ya ce mu tashi. Ajuma ba ta raka mu ba. Tana zaune inda take, fuskarta ta juyo wajen ƙarar motar.

A hanyar dawowa ya fi jiya sakewa. Ya ci dambu kaɗan, ya sha maganinsa. Bayan mun wuce Dogon Kiriya ya ce in sauke masa gilashi gaba ɗaya, iskar tana da daɗi. Ya ce in mun isa in tuna masa ya kira Husna, ya ce mata ya shirya zuwa Yamai. Ya tambaye ni ko tankin yana yoyo, na ce ban ga alama ba. Ya ce Salman ya iya aiki.

Daga nan ya yi shiru, na ɗauka barci ne. Hannunsa na dama yana riƙe da marikin da ke saman ƙofa. Da muka faɗa wani rami sai hannun ya sauko bisa cinyarsa, ya zauna a juye, tafin yana kallon sama. Bai gyara shi ba.

Na tsaya a gefen hanya.

"Baba."

Na taɓa kafaɗarsa. Na sa kunne a ƙirjinsa, ban ji komai ba sai ƙarar inji, na kashe motar na sake sawa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ji muryata kamar ta wani. Na rufe masa idanu. Na warware gefen rawaninsa na zagaya ƙarƙashin haɓarsa na ɗaure. Na gyara masa hannun. Na ɗauko wayata, babu rezo, kira ba ya shiga.

Babu kowa a hanyar. Can nesa wata mace tana tsallaka gona da itace a kai. Na koma mazaunina na tayar da mota, don ban ga wani abin da zan yi ba.

Ban yi nisa ba na lura allurar mai ta kwanta a ja. Na sake tsayawa, na kashe, na fita na zagaya baya. Robinen ya yi zafi. Na murɗa shi, na ji gazuwal ya fara gangarawa cikin tiyo a hankali. Dole in jira. Na tsaya na dafa ƙarfen motar. Ta gilashin baya ina ganin ƙeyarsa da farin rawaninsa, bel ya riƙe shi zaune daidai. Wani ƙuda ya shiga ta taga ya fita. Na tuna ban yi azahar ba. Na yi taimama a gefen hanya na yi salla, na dawo na leƙa allura, na rufe robinen yadda Salman ya nuna mini.

Kusa da Matankari wayarsa ta fara kuka cikin aljihun rigarsa. Na san Husna ce, lokacin da take kira ke nan. Ta yi kuka har ta gaji, ta sake, ta yi shiru. Hannayena biyu suna kan sitiyari.

A shingen shiga gari wani jandarma ya zo ya sunkuya ta tagata. Ya san motar. Ya dubi tankin da ke baya, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya leƙa ciki.

"Tsoho ya yi kwana?"

"Ya gaji," na ce.

"To, ku sauka lahiya. A gaishe shi in ya tashi."

Ya sauke igiya na wuce.

Garin yana nan yadda muka bar shi. Masu kabu-kabu a bakin tasha, mai tsire yana hura wuta, 'yan mata da tallan gyaɗa. Wani abokin cinikina ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Na karya kwanar unguwarmu a hankali saboda kwatar da ke wurin, kamar yadda Baba yake cewa a yi.

Na tsaya a inuwar dogon yaro. Inna Zalihatu ta ji ƙarar motar ta fito, hannayenta jiƙe da ruwan wanki, tana goge su a zane. Ta zo ta gefensa.

"Kun dai dawo. Yaya Adda?"

Ta buɗe ƙofar. Ta dubi rawanin da ke ɗaure ƙarƙashin haɓarsa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa bayan hannunta a kumatunsa, ta janye, ta sake sawa.

"Ina?"

"Bayan Dogon Kiriya, Inna."

"Ya ga ta?"

"Ya ga ta. Ya sha madara."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta kwance bel ɗin, ta tare shi da kafaɗarta don kada ya faɗo. Matata ta leƙo daga ƙofarmu, ta saki salati, ta ruga kiran maza. Na ji ƙofofi suna buɗewa a layin. Ina zaune ban motsa ba.

"Faruku," in ji Inna, ba tare da ta dube ni ba. "Kashe motar."

Na murɗa makulli. Unguwar ta yi tsit, sai ƙarfen inji da ke ƙas-ƙas yana hucewa. Akuyar maƙwabta ta zo da 'ya'yanta biyu, ta shiga ƙarƙashin motar ta kwanta a inuwa.