Kaset ɗin Wancan Yaron

"Ku cire! Ku cire komai daga soket!"

Madam Patricia ce, matar mai gidanmu, take ihu a tsakar gida da ludayi a hannu. An kawo wuta bayan la'asar, da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Ƙwan ɗakina ya yi fari fat, ya ce tas. Duk layinmu a Kubwa sai ƙaurin roba.

Hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin labulen Baba Manniru, wanda ɗakinsa ke jikin nawa. Na faɗa ba sallama. Yana kan katifa, ƙafafunsa a kumbure suntum, yana miƙa hannu wajen soket bai kai ba. Na fizge wayar.

Rikodarsa ce. Baƙa, babba, mai sifiku biyu. Ubangidansa a Maitama ya ba shi ita lokacin da ciwo ya raba shi da gadi.

"Injiniya," ya ce, yana tari. "Ta mutu?"

"Za a duba, Baba."

Ni ba injiniya ba ne. Na gama sakandare na tsaya. Gilashin waya nake mannawa a wata rumfa kusa da kasuwa. Na taɓa canja wa Madam fis, shi ke nan sunan ya bi ni, ni kuma ban hana ba.

"A gyara min, saboda labarai," in ji Baba. Sai ya juya fuska bango. "Akwai abu a ciki. Ƙofar ta ƙi buɗuwa."

Na san abin. Kowa a gidan ya sani. Kaset ne da ɗansa na fari ya aiko masa daga ƙauye ta hannun direba, shekarun baya, kafin waya ta zo hannun kowa. Gaisuwa ce da labarin gona. A daminar wannan shekarar da ya aiko ɗan ya rasu. Baba mutumin da ne, masu kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya zancensa gaban mutane. In ya zama dole sai ya ce "wancan yaron". Bayan la'asar yakan saya ƙofa ya kunna ƙasa-ƙasa, mu kuma mu yi kamar ba mu ji ba. Kaset ɗin na ciki wutar ta zo, rikodar kuwa irin wadda sai da wuta take sakin kaset ce.

Ban iya gyaranta ba. Washegari na naɗe ta a zanin gado don kada 'yan gida su gane, na ɗauka a ka zuwa shagon Innocent, mai gyaran kayan sauti a bayan kasuwa.

Akwai 'yan mata biyu a kan benci suna jiran wata 'yar sifika mai kyau. Ina kwance zanin, Innocent ya dafe kai.

"Kai, Oga Amir! Wannan kakanka ne? Wannan ya mutu tun kafin wuta ya kashe shi."

'Yan matan suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce ko daga gidan tarihi na sato. 

"Ba tawa ba ce," na ce. "Ta wani tsoho ce."

Innocent ya kwance bayanta, ya sunsuna. "Taransifoma ya tafi, bod ya tafi. Ba a samun kayansa yanzu. Amma sifika yana da rai. Zan sa sabon bod, mai rediyo, mai memori, mai haɗawa da waya. Tsohon zai yi rawa."

"Yi mata duk abin da ake yi."

Na fita da sauri, zanin a hammata. Har na kai titi ina jin dariyar. Ban ce masa komai a kan kaset ba. Ban ma tuna ba.

Ranar da na koma, Innocent ya kunna min ita har kwanon shagon na rawa. Ya goge ta, ta yi ƙyalli. Na ɗaga ta, na ji ba nauyi. Na leƙa ta gilashin ƙofar kaset. Duhu, wayam.

"Ina kaset ɗin?"

"Wane kaset?"

"Akwai kaset a ciki."

"Ka faɗa min?" Ya ɗaga kafaɗa. "Duk kayan ciki na zuba a buhu. Haka muke yi, shago ba bola ba ne. Baban bola ya kwashe shekaranjiya."

Ya kwatanta min inda masu tura kurar ƙarfe ke sauke kaya, can bayan layin dogo. Na je. Maza na dukan tsofaffin fankoki da guduma, wani na jan firji a ƙasa. Na bi su ɗaya ɗaya ina tambaya. Wani mai jan ido ya saurare ni har ƙarshe.

"Kaset? Ɗan samari, roba ce, ba ta hawa sikeli. Wuta muke sa wa irin wannan buhun, mu tsince jan ƙarfe."

Ya nuna min da haɓa. Toka ce baƙa, tuli guda, tana ɗan hayaƙi. Na tona da sanda har tafin takalmina ya fara laushi. Ba komai.

Na san abin da ya kamata in yi: in shiga in faɗa masa. Maimakon haka na tsaya a bakin layi da rikodar a ƙasa, ina jira har na tabbata ɗakinsa ya cika. 'Yarsa Rumasa'u ta zo daga ƙauye jinya, Madam na ciki, da wasu abokan gadinsa biyu. Sannan na yi sallama.

Na jona, na haɗa da wayata. Kiɗa ya cika ɗakin.

"Yawwa!" Madam ta karkaɗa kafaɗa. "Ban faɗa muku ba? Wannan yaro, kanta yana da mai! Baba, ka ga rediyonka ya koma saurayi. Saura kai."

Aka yi dariya. Abokansa suka yi ta sa min albarka.

Baba ya jawo jiki da ƙyar. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin buɗe kaset ya danna. Maɓallin ya nutse, bai dawo ba. Ya dube ni. Ya dubi 'yarsa, ya dubi baƙinsa. Na ga maganar ta zo bakinsa, na ga ya haɗiye ta.

"Sannu da aiki, Injiniya. Allah ya yi albarka."

Na san ba zai iya tambaya a gabansu ba. Don haka na zo a lokacin.

Daga ranar na koyi duba ƙofarsa. In na ga takalma, in shiga in gaishe shi, in tambayi jiki, in fita kafin baƙi su tashi. In babu takalma, in wuce a kan yatsun ƙafa. Bayan la'asar bangon da ke tsakaninmu ya yi tsit. Ba kiɗa, ba labarai. Sai tari.

Jikin ya ƙara tsananta. Kumburin ya hau har ciki. Wata safiya ina saka takalmi, Rumasa'u ta tare ni da mayafi a kafaɗa.

"Amir, don Allah zauna min da shi. Zan karɓo magani, ba zan daɗe ba."

"Ina da aiki."

"Gilashin waya ba zai gudu ba. Kai ma ɗansa ne."

Ta ɗaga min labule. Ba hanyar kaucewa.

Ɗakin na warin man zafi. Ya rame a fuska, idanun sun yi zuru-zuru. Na zauna a bakin ƙofa, nesa da shi.

"Matso."

Na matsa.

"Ta yi ƙara sosai yanzu," ya ce.

"E, Baba."

"Da ka buɗe ta, ba ka ga wani abu ba?"

"Kaya da yawa sun ƙone."

"Na ce wani abu."

 Ina kallon tabarma. A raina ina cewa ba zai wuce nan ba, bai taɓa wucewa ba.

Ya ja numfashi mai tsawo. Sai ya faɗi sunan. Sunan ɗan nasa, a fili, kamar mai ɗaga dutse daga ƙirji. "Ina kaset ɗinsa?"

Ban taɓa jin sunan ba sai ranar. 

"Ba ni na gyara ba, Baba. Wani na kai wa. Ban gaya masa ba. Ya zubar da kayan ciki."

"A ina?"

"An ƙone."

Na jira zagi. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallon rufin kwano.

"Ita wutar dai sai da ta same shi," ya ce.

"Ka yafe min."

Kamar bai ji ba. Ya ɗaga hannu ya rufe bakinsa, yadda yaro ke yi in ya yi ɓaranɓarama gaban manya.

"Tun ranar suna ban kira shi ba. Ko a bakin kabarinsa. Yau na kira, saboda roba." Ya sauke hannun. "Kada Rumasa'u ta ji na faɗa."

"Ba za ta ji ba."

"To, mun zama mu biyu ke nan, kowa da abin ɓoyewarsa. Ba ni ruwa."

Na tallafi kansa na ba shi. Rabi ya sha, rabi ya bi gemu. Na goge masa da hannun rigata. Na zauna a gefensa har 'yarsa ta dawo. Amma ban tafi rumfa ba ranar, ban kuma sake duba takalma a ƙofarsa ba. Kullum bayan la'asar nakan shiga in zauna. Ba mu da abin faɗa. Wani lokaci yakan yi barci.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ina rumfa aka kira ni. Da na iso, Madam na zaune a ƙasa ta rungume Rumasa'u, ɗankwalinta ya zame, tana ta cewa, "Yi haƙuri, 'yata, yi haƙuri." Abokan gadinsa suka yi masa wanka. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. A maƙabarta wani dattijo ya tambayi 'ya'yansa nawa, aka ce mace ɗaya. Na buɗe baki na rufe.

Da muka dawo an share ɗakin, an ɗaga labule. Rumasa'u ta fito da katifarsa ta jingine a bangon tsakar gida don ta sha rana. Tsohuwar katifa ce, soso ya gaji. Tsakiyarta ta loɓa daidai tsawon mutum, har da gurbin kafaɗa. Na tsaya da ƙasar kabari a ƙafafuna ina kallo, inuwar igiyar shanya tana hawa kanta a hankali.