Gwangwanin Murjanatu

Aji uku na yi a firamare, amma na san jarrabawa takarda ce da biro. Shi ya sa ranar da 'yata Murjanatu ta dawo daga sakandare, ta wanke gwangwanin madara, ta ɗora shi kan turmi a tsakar gida ta ce jarrabawarta ce, na ɗauka wasa take.

"Inna, kada ki taɓa. Malam Suhaibu ya ce bana a darasin labarin ƙasa aiki zai gani, ba rubutu kawai ba. Ruwan damina za mu auna har a dawo daga hutu."

"Ki auna ki kai wa wa? Wanda Ya saukar ai Ya san adadinsa."

Ta yi dariya. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta tsoma rula a ciki, ta rubuta lamba a littafi, ta zubar. Sau biyu awaki suka shanye mata, har kuka ta yi.

Cikin Agusta zazzaɓi ya kama ta. Kwananmu huɗu a asibiti a Daura. Muka dawo Sandamu da ita a naɗe.

Ranar sadakar uku aka yi ruwa. Da baƙi suka watse na ga gwangwanin yana nan kan turmi, ruwan cikinsa bai kai gaɓar yatsa ba. Na ɗauko rula na yi yadda na ga tana yi. Amma ƙanƙantar lambar ta dame ni. Ta sha wahala a kan abin nan, a ce ta ci ɗan wannan? Kowace mace ta san inda ake tarar ruwa. Na mayar da gwangwanin ƙarƙashin indararo. Daga nan ya riƙa cika, wani sa'in sau uku a ruwa ɗaya, ina haɗawa ina rubutawa. Babanta ya ce in bari kada mutane su fara magana. Ban bari ba.

Da aka koma makaranta na ɗauki littafin na je. Malam Suhaibu ya yi mini gaisuwa, ya ba ni kujerarsa, ya shiga buɗe shafuka. Can ya tsaya.

"Inna, daga nan hannun wa ne?"

"Nawa."

"A ina kika ajiye gwangwanin?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon littafin.

"Da wannan ruwan ya sauka, Inna, da a kwalekwale kika zo."

"To ba mai yawa ne ke ci ba?"

Ya ce a'a, wanda ya auna daidai ne ke ci, ko da ɗigo ya samu. Na ce to me ake gasa a kai, tunda sama ɗaya ce a kan yaran duka? Ya yi bayani mai tsawo, ban riƙe ba.

Ya ɗauki jan biro ya ja layi ƙarƙashin rubutunta na ƙarshe. Ya ce duk abin da ke sama daidai ne, babu gyara. Ya rubuta goma sha biyar cikin ashirin.

"Biyar ɗin fa?"

"Na tsayawa gaban aji ne, ɗaliba ta yi bayanin abin da ta gano da bakinta."

"Ni ba zan iya tsaya mata ba?"

Ya girgiza kai, ya ce dole ita. Na ce to a shigar da sha biyar ɗin a babban littafinsu. Ya buɗe rajista, ya bi sunaye da yatsa, ya rufe. Sabon zango ne, an sake rubuta sunayen 'yan aji, nata babu.

Na tambaye shi ta ci ko ta faɗi. Ya ce sha biyar ci ne. Na ce cin da ba a rubuta ko'ina ba? Aka buga ƙararrawa, yara suka fara shigowa. Ya miƙo mini littafin da hannu biyu, na karɓa na fito.