Majemar da Ke Cikina

Jiya da dare mafarki ya jefa ni cikin tumbina. Majema na tarar, awaki ne ma'aikata, fatar da suke jima kuwa bangon wurin ce. Ruwan tsami yana tsattsafowa daga ƙasa, ya hau sama kamar yayyafin da ya ɓata hanya, ya bi ta wata ƙofa da ba ta rufuwa.

Wani bunsuru mai hula ya tare ni. Na gane shi daga littattafan da na karanta a layin ganin likita: Gastirin, mai shelar a zuba tsami idan abinci na tafe.

"Sannu da zuwa, maigida. Ina tuwon?"

"Babu tuwo. Matata Tabawa ta rasu tun kafin azumi."

"Allah ya jiƙanta. Amma mun ji daka."

"Turmin maƙwabta ne."

"Mu daka muke ji, ba ma tambayar turmin wa." Ya juya ya ce a ƙara tsami. Aka ƙara.

Sai ga ni a bakin hanji. Wata tsohuwar akuya, Sikiritin, na zaune a tabarma. Duk aikinta a duniya ta ce "ya isa".

"Inna, ki yi musu magana. Bangon ya kusa hujewa."

"Sai abinci ya gifta ta gabana nake da baki. Ina kwanukan da 'yarka Uwani ke aikowa?"

"Miyarta ba ta kai ta uwarta ba."

"To, za su jeme abin da suka samu."

Sai ga ni a jikin bango, inda ya siranta har haske na ratsowa. A can baya na hango Tabawa, ta ba ni baya, hannunta ba komai. Tun aurenmu ban taɓa ganin hannun nan ba aiki ba. Na ga in aka ƙara tsami kaɗan, bangon zai buɗe in isa gare ta. Na ɗaga hannu zan kira bunsurun.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Malam, kar ka zo mini da yunwa. Nan ba a ɗora tukunya."

Dakan maƙwabta ne ya tashe ni, maƙogwarona na zafi. Kwanon Uwani na bakin ƙofa tun jiya. Gishiri ya yi yawa. Na cinye.