Ko Ta Yi Kuka

Kailani ya sauka daga acaɓa tun bai gama tsayawa ba. Ya shafa aljihun rigarsa, wayar wutar da ya naɗe tana nan. Tun safe yake lissafa inda zai fara zuba ta a jikin Malam Zulkiflu, malamin 'yarsa.

Jiya a lesin yamma 'yarsa Mahbuba ta faɗi. Ciwon suga gare ta, allura take yi kullum. Sugan ya sauka, ta fara rawar jiki, ta ciro alewa, malamin ya ƙwace. Sista Saratu, nas ɗin da ke duba yaran lesin, tana wajen wani mai asma, sai da yarinyar ta sume aka kira ta. A gadon asibiti Mahbuba ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, ka rama mini."

Ya sami malamin da Sista a ɗakin maganin makarantar. Bai yi sallama ba.

"Kai ne mai ƙwace wa marar lafiya alewa?"

Malam Zulkiflu ya miƙe, idonsa jawur. "Ni ne, Malam Kailani. Sati biyu ke nan da aka ba ni ajin."

"To yau za ka ga abin da ya fi suma."

"Baban Mahbuba, zauna tukuna," in ji Sista Saratu. Ta ce da malamin, "Nuna masa."

Malamin ya ɓamɓaro wata takarda daga bangon rajistar ajin. Kailani ya gane rubutun tun daga nesa, manyan baƙaƙe masu karkacewa, irin na wanda ya tsaya a firamare. *Tana da suga. Kar a bar ta ta sha zaƙi ko ta yi kuka.* Shi Kailani da kansa ya rubuta, satin da aka gano ciwon.

"Ta yi kukan kuwa," in ji malamin a hankali.

"Sau uku na aika maka ka zo mu gyara takardar nan," in ji Sista. "Ka ce kana wurin aiki a garejin Kongo."

Bayan la'asar ya koma asibiti da ledar alewa. Mahbuba ta ɗago.

"Ka ga wanda ya sa aka hana ni?"

"Na gan shi."

"Ka dake shi?"

Kailani ya zauna, wayar tana tokare masa cinya.

"Ban gama da shi ba tukuna."