Tsakanin Magani da Warkewa

Tun tana makaranta 'yan gidansu suka laƙaba mata Ƙamus, don ba a faɗin kalma a gabanta ta bar ta ta wuce lafiya. Sunan ya bi ta har gidan rediyo, inda take fassara labarai daga Turanci. Abokan aiki kan ce in ka ba ta jimla da safe, ka je ka ci abinci ka dawo, za ka tarar tana kokawa da ita.

Shi ya sa da ciwon cikin Baba, mahaifinta, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka tura shi babban asibiti, ba a ma tsaya shawarar wanda zai raka shi ba. Likitar baƙuwa ce, Turanci kaɗai take ji. Baba kuwa mai aski ne, nasa Turancin bai wuce gaisuwa da sunayen 'yan ƙwallo ba.

Ɗakin likitar ƙarami ne, da sanyin na'ura da warin magani. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta, ta nuna wata inuwa a hoton hantar Baba da bakin biro. Ta yi bayani a hankali. Daga ƙarshe ta ce ciwon "treatable" ne. Ta dubi Ƙamus ido cikin ido, ta ce amma ba "curable" ba ne.

Ƙamus ta san kalmomin nan kamar tafin hannunta. Ta farko na nufin akwai abin da za a yi: a rage zafi, a taka wa ciwon birki, a ƙara wa mutum kwanaki masu daɗi. Ta biyun ita ce ke nufin ciwo zai tafi ya bar mutum. Likita ta ba su ta farko, ta hana su ta biyu.

"Me ta ce, uwata?" Baba ya tambaya, yana murza hularsa a kan gwiwa.

"Ta ce akwai magani, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya juya ga likita da fara'a, ya zuba mata duk godiyar da ya iya da Turanci.

A hanyar gida Ƙamus ta yi ta gaya wa kanta cewa ba ƙarya ta yi ba. Ai akwai maganin, ga shi ma cikin leda a cinyarta. Laifinta ne da kalmar magani ta zama mai faɗi, ta ɗauki mai rage ciwo da mai kore shi duk a baki ɗaya?

Maganin kuwa ya karɓe shi. Baba ya koma shago, ya koma zolayar masu sanƙo cewa su ne suka fi ba shi wahala, don sai ya yi ta laluben gashin. Sai dai wata sabuwar magana ta shiga bakinsa: sai na warke. Fentin shago, sai ya warke. Ziyarar jikokinsa, sai ya warke.

Wadda ta fi damun Ƙamus ita ce ta Baffa, ƙanen Baba. Shekaru ke nan ba sa ga maciji, kan wata baƙar magana da ta shiga tsakaninsu ranar rasuwar mahaifiyarsu. Da Inna, matar Baba, ta ce ya kamata ya je su daidaita, sai ya ce, "Zan je. Amma ba zan je masa ina dafe da ciki ba, ya ce tausayi na zo nema. Sai na warke, in shiga da ƙafata."

Ƙamus na bakin ƙofar kicin ta ji wannan. Ranar a wurin aiki ta kasa fassara ko labarin yanayi.

Ta samu Yaya, babban wansu, direban babbar mota, yana wanke gilashi a gareji. Ta faɗa masa komai. Ya matse tsumman da ke hannunsa.

"Ki bar shi haka," ya ce. "Mutum na cin abinci, yana dariya. Kina so ki kashe shi da Turancinki?"

"Yaya, yana ajiye abubuwa don wata rana da likita ta ce ba za ta zo ba."

"Likita Allah ce?"

"A'a. Amma shi ta faɗa wa, ba ni ba. Ni baki kawai aka aro, na kuwa riƙe rabin saƙon."

Yaya ya juya ya ci gaba da goge inda ya riga ya goge.

Da rana tsaka ta je shagon, lokacin da ba kowa. Baba na share gashi daga ƙarƙashin kujera. Ta karɓi tsintsiyar, ta ce ya zauna. Ya hau kujerar askin yana dariya, ya ce yau shi za a yi wa kwaskwarima ke nan. Ba ta iya kallonsa kai tsaye ba, sai ta cikin madubi.

"Baba, ran nan likita kalma biyu ta faɗa. Ɗaya na kawo maka."

Ta bayyana masa su a hankali, ba ta rage komai ba. Ya sa ta maimaita kalmomin, ya gwada faɗinsu, harshensa ya sarƙe.

"Wato kamar farin gashi," ya ce daga baya. "A shafa masa baƙi, ya yi kyau, amma yana nan."

"Kusan haka, Baba."

Ya kafa wa madubin ido. Wata mota ta wuce a titi da kiɗa, madubin ya ɗan girgiza.

"Da kin faɗa mini tun ranar, uwata."

"Tsoro na ji."

"Ai ni ma da na ji. Amma tsoron nawa ne, da kin bar ni na ji abina."

Hawaye suka zubo mata. Bai rarrashe ta ba, bai kuma ƙara faɗa ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon titi ta ƙofar gilashi. Can ya ce ta taya shi jawo ƙofar shagon, ta tsayar musu da tasi.

A gidan Baffa, a hawa na sama, Baba ya shiga, ita ta zauna a matakala. Da farko ba ta ji komai ba. Sai muryoyi suka tashi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya fara. Ta miƙe za ta shiga, sai ta ji Baffa ya ce wa Baba, "Zauna mana, Yaya, ka tsaya mini a ka kamar ɗan sanda!" Ta koma ta zauna.

Baba bai warke ba. Ya ci gaba da shan magani, wata rana da sauƙi, wata rana babu. Yaya ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Ƙamus, kafin wata safiya ya zo da kansa ya kai Baba asibiti. Da hannun Baba ya fara rawa har ya ajiye almakashi, Baffa ne ke zuwa kullum ya buɗe masa shagon. Su zauna a benci su biyu, suna gardama kan abubuwan da suka faru tun kafin a haife ta.